Ragon da Ya Sha Man Kifi

Har yau in an taru a gidanmu, ko suna ko biki, sai wani ya jawo labarin ragon nan. "Kun tuna ragon Inna mai buɗe ƙofa?" Shi ke nan sai dariya ta kaure, har waɗanda ba a haifi iyayensu ba lokacin da ragon yake raye su ma suna da abin ƙarawa. Wannan ya ce yana kwance igiya da haƙori, wancan ya ce ya san hanyar gida daga kasuwar Makarfi. Duk gaskiya ne, ban ƙaryata ko ɗaya ba. Amma ni da an fara sai in ɗauki butata in zaga baya, in yi zamana can har a gama. Suna cewa tsufa ne ya sa ni baƙin rai. Ba tsufa ba ne. Ni na shayar da ragon nan da hannuna, kuma na san rabon wa ya sha.

Ni 'yar Kudan ce. An kawo ni aure wani ƙauye tsakanin Makarfi da Gubuchi, gidan manoman rake, ana cikin murnar samun mulkin kai, 'yan makaranta suna yawo da 'yan tutoci kore da fari. Maigidana mutum ne mai sanyin hali, irin sanyin da ake yabo a ƙofar gida, a cikin gida kuwa matarsa ce ke shan wahalarsa. Uwarsa, wadda duk muke kira Inna, ita ce mai gidan ta gaskiya. Ba muguwa ba ce, bari in faɗi wannan tun yanzu kafin fushi ya sa in manta.

Daminar da ta biyo na haifi ɗa namiji, ɗan fari. 'Yan matan yanzu da nake gani suna cilla ɗan fari sama suna cafewa a gaban surukai ba za su gane abin da zan faɗa ba. A zamaninmu ɗan fari ba naki ba ne a idon mutane. Ba kya faɗin sunansa, sai dai ki ce yaron nan. Ba kya ɗaukarsa in da ido, sai an miƙo miki shi an ce ba shi nono, ki juya baya ki ba shi kamar an tilasta ki. In ya faɗi ya fasa baki, ki ci gaba da tankaɗenki, wata ta zo ta ɗauke shi. Wadda ta fi iya nuna ko oho ita ce 'yar mutunci. Ni kuwa na iya, don uwata ta hore ni sosai. Inna takan yabe ni a gaban baƙi, ta ce 'yar Kudan ɗin nan akwai kunya. Tir da ni, nakan ji daɗin yabon nan har cikin raina.

Yaron yana wata huɗu zazzaɓi ya kayar da ni. Nonona na hagu ya kumbura ya tara ruwa, sai da wanzami ya zo ya tsaga. Kafin in tashi, ruwan nono ya ɗauke ƙaf, duka biyun. Na sha kunun kanwa har na gaji, na sha jiƙe-jiƙen da ban san sunansu ba, ko ɗigo bai dawo ba. Inna ta ɗauke yaron ta mai da shi ɗakinta, tana ba shi koko da tsala, nonon da Fulani suka riga suka kaɗe suka kwashe man. Kindirmo ta ce ya yi wa cikin jariri nauyi. Akwai akuya mai shayarwa a gidan, amma ta ce nonon akuya yana sa yaro rashin ji. Kullum yana goye a bayanta, ko salla za ta yi da ƙyar take sauke shi.

Yaron ya rame, gashinsa ya yi ja, wuyansa ya ƙi tsayawa. Kuka ma ya rage, sai dai ya kwanta ya zuba wa rufin ɗaki ido. Mata suna shigowa suna cewa kai, wannan yaro da haƙuri yake. Ni ina jin su daga madafa, na san ba haƙuri ba ne, ƙarfin kukan ne babu.

Wani abokin maigidana da suke kai mazarƙwaila kasuwa tare shi ya ce a gwada asibitin Ikara. Muka bi motar 'yan kasuwa, ni da maigida, yaron a bayana karo na farko tun da na kwanta. Malamin asibitin mutumin kudancin Zariya ne, gajere, Hausarsa da ɗan karkacewa. Ya danna ƙafar yaron, ya buɗa idonsa, ya riƙa wuce masa da yatsa ta gaban fuska ya ga ko zai bi. Sannan ya dube ni.

"Ke ce uwarsa?"

Na sunkuyar da kai.

"Me yake ci?"

Maigida ya ce koko da tsala.

"Baiwar Allah, da ke nake magana. Tun yaushe nonon ya ɗauke?"

Na ƙara jan mayafi na rufe fuska. Ta yaya zan zauna gaban mijina da baƙon namiji in yi ta bayanin ɗan fari? Malamin ya yi tsaki, ba da ƙarfi ba, ya tashi ya ɗauko wata kwalba mai ruwan ƙasa ya ajiye a gabana, ba a gaban maigida ba.

"Wannan man kifi ne," ya ce. "Ƙaramin cokali ɗaya kowace safiya. Ku nemo masa madara ko kindirmo, ku bar tsalan nan, an riga an cire abin da yake bukata a ciki. Ƙwaƙwalwar yaro yanzu ake gina ta, kuma da mai ake gina ta, irin wanda ke cikin nonon uwa. Tunda nonon ya ɗauke, ga abin da zai taimaka. Abin da bai samu a shekarar nan ba, ko buhu kuka ba shi daga baya ba zai shiga wurinsa ba. In ta ƙare ku dawo ku karɓi wata. Kin ji ni?"

Na gyaɗa kai. Na ji shi sarai, ga shi yau bayan duk shekarun nan na maimaita maganarsa ban yar da ko kalma ba. A hanyar dawowa na soke kwalbar a zanina, ina jin sanyinta a cikina, ina murna a ɓoye.

Muna isa Inna ta karɓi jikanta, ta karɓi kwalbar. Ta buɗe murfin ta sunsuna, ta yamutsa fuska.

"Wannan ai ƙarnin kifi ne."

Maigida ya ce e, man kifi ne, malam ya ce a riƙa ba shi da safe, a kuma ba shi madara.

"Kifi a kan nono? So kuke ku mai da min jika dabbare-dabbare?"

Kowa a ƙasarmu da wannan ya tashi: ba a haɗa kifi da nono a ciki ɗaya, albaras yake kawowa, fata ta yi fari-fari kamar an watsa wa mutum ruwan zafi. Ga Inna kuwa abin ba jita-jita ba ne. Tana da ƙane da ya yi albaras tun yana saurayi, aka ware masa ƙwarya, ba mai cin tuwo da shi, ya mutu bai yi aure ba. Mutane suka ce kifi ya ci ya kora da fura da nono, ita kuma ta yarda har zuciyarta. Ta ce ɗaya za a zaɓa, ko nono ko man, kuma yaro da nono yake rayuwa. Ta rufe kwalbar ta ɗora a kan katangar ɗakinta, ƙarƙashin jinka.

Na dubi maigida. Shi ne ya ji maganar malamin da kunnensa, shi ne namiji, shi ne uban yaron, ba wanda ya ɗora masa kunyar ɗan fari irin wadda aka ɗora min. Ya sosa ƙeya ya ce, "To Inna, ke kika san yara." Ya saɓa fartanyarsa ya nufi fadama wajen rakensa. Wallahi in na tuna bayansa yana fita ta zaure ranar nan, har yanzu sai in ji kamar in jefe shi da muciya, ga shi ya daɗe a ƙasa, Allah ya ji ƙansa.

Ni kuwa ina tsaye bakin madafa da faifai a hannu, maganar tana cike da bakina. Inna, malam ya ce kansa ake ginawa. Abin da zan ce ke nan, bai fi numfashi ɗaya ba. Amma da na faɗa, kafin la'asar labari ya kai Kudan cewa 'yarsu ta tsaya tana sa-in-sa da uwar miji a kan ɗan fari. Na haɗiye, na koma na ci gaba da tankaɗe.

Ba a yi mako ba tunkiyar Inna ta ɓalle ta shiga gona ta ci gyauron dawa, cikinta ya kumbura, kafin a kawo wuƙa ta mutu. Ta bar ɗan rago na kwana uku, fari tas, ƙafafunsa suna rawa. Inna ba ta zubar da komai, ko tsumma sai ta samo masa aiki. Ta dube ni ta ce, "Ɗauko kwalbar asibitin nan a riƙa ɗura masa, kada ta lalace a banza. Shi da ma fari ne, ko ya yi albaras wa zai gani?" Duk tsakar gida aka kwashe da dariya. Ni ma na yi murmushi, don kada a ce wani abu.

Aikin kuma ni aka ba, tunda ni ce ba ni da goyo. Kowace safiya in kama akuyar nan in matse wuyanta tsakanin gwiwoyina, ɗan ragon ya durƙusa ya tsotsi madara mai ɗumi da duk maiƙonta, sannan in tsiyaya man a cokali in buɗe bakinsa in zuba. Duk abin da malamin Ikara ya ce a yi, an yi shi daidai, ba a tsallake rana ɗaya ba. Ɗana yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, taku uku daga inda nake, Inna tana ɗura masa tsala da ludayi.

Ga wani abu kuma da na fi jin kunyar faɗa. Ba wanda ya ce a ji kunyar ɗan rago. Ina ɗaukarsa a gaban kowa, in goge masa baki da gefen zanina, in sosa masa wuya, in ce masa ɗan lelena, sha ka girma. Duk abin da ke cin raina in yi wa ɗana, ragon nan na yi wa, mata suna kallo suna cewa 'yar Kudan akwai tausayin dabba.

Wata safiya Inna ta tafi gaisuwar mutuwa Gubuchi, ta bar yaron a tabarma ta ce in sa ido. Maza suna fadama ana matsar rake, gidan ya yi tsit. Na tsiyaya man a cokali kamar kullum, ɗan ragon yana tunkuyin ƙafata yana jira. Sai na wuce shi. Na je na durƙusa gaban ɗana, na sa hannun hagu na tallafo kansa. Kan ba nauyi ko kaɗan. Ya dube ni, ya buɗe baki, don shi komai aka kawo masa buɗe baki yake yi. Cokalin ya kusa taɓa leɓensa sai na ji sallama.

Maƙwabciyarmu ce ta shigo ɗibar wuta da kaskonta. Ta tsaya ta riƙe haɓa.

"A'a, yau kuma 'yar Kudan ce durƙushe gaban ɗan fari? Bari Inna ta dawo in ba ta labari."

Wasa take yi, na sani, ko a lokacin na sani. Mace ce mai barkwanci, da na daure na yi dariya na zuba masa, da ita ma dariya za ta yi ta ɗebi wutarta ta tafi. Amma sai kunya ta rufe ni. Na zare hannuna daga ƙarƙashin kansa na ce, "Ƙuda nake kore masa." Na miƙe da cokalin, ko ɗigo bai zube ba, na kira ɗan ragon na zuba masa. Yaron ya daɗe bakinsa a buɗe kafin ya rufe.

Kada wani ya ce ai rana ɗaya ce. Kwalbar a hannuna take kullum, da ina so da na sami wata damar, sau goma ma. Ban ƙara gwadawa ba. Ina tsoron Inna ta ji ƙarnin a bakinsa, tunda ita ke goya shi. Ina tsoron albaras ɗin ma, don ni ma da labarin na tashi, in tabo ɗaya ya fito a jikinsa za a ce ni na yi. In taƙaita, tsoron bakin mutane ya fi min ƙarfi a kan ciwon ɗana. Wannan ita ce gaskiyar, kuma ba wanda na fi jin haushi a duk labarin nan kamar yarinyar nan mai cokali.

Da kwalbar ta ƙare, Inna da kanta ta ce wa maigida in ya shiga Ikara ya karɓo wata, ragon yana jin daɗinta. Ya je sau biyu. Ya dawo yana ba da labari a tsakar gida yana dariya, wai malam ya tambaye shi, "Yana sha?" shi kuma ya ce kullum, ba fashi. "Ai ban yi ƙarya ba," in ji shi, "bai tambaye ni wane ne ke sha ba." Ya ga ya yi wayo. Kwalba uku aka rubuta da sunan ɗana, duka ukun suka ƙare a cikin rago.

Ragon ya tashi kamar ba tunkiya ce ta haife shi ba. Kowa ya san tumaki da wauta, ɗaya in ta faɗa rami saura su bi ta. Wannan kuwa tun yana ƙarami ya gane yadda ake ture sandar da ake tokare ƙofar ɗakin dusa, ya sa ƙaho ya zame ta ya shiga. In an ɗaure shi ya bi ƙullin da haƙori har ya kwance. Ya san takuna daban da na sauran mata. Sau ɗaya maigida ya ja shi kasuwar Makarfi zai sayar, ya kuɓuce, ya riga shi dawowa gida. Inna ta ce ba mai ƙara taɓa shi. Mutane har daga wasu unguwanni suke zuwa kallonsa.

Ɗana bai zauna ba sai da ya shekara. Bai taka ba sai da ya kusa uku. In an kira shi sai an kira sau biyu, sau uku, sannan ya juyo a hankali yana neman inda muryar ta fito. Jikinsa ya dawo da ya fara cin tuwo, ya yi ƙiba ma, amma kan bai biyo jikin ba. Inna ta ce iska ce, aka yi ta turare da rubutu. Wasu suka ce haka Allah ya yi shi. Yara kuwa ba sa ɓoye-ɓoye, dolo suke ce masa. Akwai ranar da na ji wata baƙuwa tana dariya tana cewa, a gidan nan ai ragon ya fi yaron wayo. Ina daka a lokacin, na ci gaba da dakana har na fasa turmin.

Yana shekara huɗu maigida ya rasa abin layya, Inna ta haƙura ta ba da ragon tana share hawaye. Kashegari aka ba ni kan in babbake in dafa. Da ya nuna na fasa ƙoƙon, na ga ƙwaƙwalwar tana tururi, fara, cike da maiƙo. Ban san abin da ya hau kaina ba. Na kwashe ta duka a akushi, na fito tsakiyar gida, mata cike ana suyar nama, na buɗe baki na kira ɗana da sunansa. Tunda aka raɗa masa shi ban taɓa faɗa ba sai ranar. Mata suka bar suya suka juyo. Shi kuwa bai juyo ba, don bai san muryata da sunan ba. Na je na kamo hannunsa, na zaunar da shi a cinyata, na riƙa ba shi a baki da yatsuna.

Inna ta ce, "Ke, lafiyarki kuwa? A gaban mutane?"

Abin da na haɗiye shekara huɗu ya fito gaba ɗaya. Na ce kayansa nake mai da masa. Na ce kwalba uku aka ba shi a Ikara aka ɗura wa dabba, an tsare masa fata an bar kansa ya lalace, ga fatar nan sumul sai a jeme ta a yi buzu. Na ce da albaras ɗin ne ya kama shi da ya fi min, aƙalla da ya san sunansa. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Maigida ya leƙo daga zaure, ya ga abin da ake ciki, ya koma.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ni na hana, ban musa ba. Amma cokalin a hannun wa yake?"

Na ci gaba da ba yaron har ya cinye, ya lashe yatsuna. Ina yi ina jin muryar malamin nan a kunnena, ko buhu kuka ba shi daga baya. Na san aikin banza nake yi.

Labari ya kai Kudan kamar yadda na daɗe ina tsoro. Uwata ta aiko a ce min na zubar mata da mutunci. Aka yi ta magana wata guda, sannan aka sami wani abin aka koma kansa. Abin da na sayar da kan ɗana don gudunsa ke nan, surutun wata ɗaya. Da na haifi ƙanwarsa, da ƙafata na je Ikara na karɓo man, ina ba ta a tsakar gida ina kora mata da kindirmo, Inna tana kallo ba ta hana ba. Yau ƙanwar tasa tana da jikoki, kuma ko tabon ƙuruciya babu a fatarta.

Ni ba likita ba ce, karatuna na yaƙi da jahilci ne. Amma 'yar wannan ƙanwar tasa ta yi karatun kiwon dabbobi a Zariya, kuma na taɓa zaunar da ita na tambaye ta, ban ce mata labarin wa nake yi ba. Ta ce akwai wani irin mai da ke cikin kifi da nonon uwa, omega suke ce masa, da shi ƙwaƙwalwa da idon ƙaramin abu suke ginuwa a farkon rayuwa, ɗan dabba ne ko ɗan mutum. Na ce to in an hana yaro aka ba rago fa? Ta yi dariya ta ce ba za ta rantse ba, yunwa kaɗai ma tana iya taɓa kan yaro, wani ragon kuma da wayonsa ake haifarsa. Na san gaskiya ta faɗa. Amma ni ban sami damar sani ba, don ban zuba cokalin ba.

Ɗana yana nan da ransa, gemunsa ya yi fari. Allo bai wuce 'yan ƙananan surori ba, makarantar boko kuma wata uku ya yi aka ce ya zauna gida. Tumaki yake kiwo a bayan gari, kuma duk ƙauyen ba wanda dabba ke yarda da shi kamarsa. Yaya yake ce min, don haka ya tashi ya ji ƙannen ubansa suna kirana, Inna ita ce Inna har ta rasu. In ana labarin ragon nan shi ya fi kowa dariya, don an gaya masa sa'ansa ne.

Bara wata tunkiyarsa ta mutu ta bar ɗa. Ya rungumo shi ya kawo min har ɗaki da hantsi, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya gaishe ni ya daɗe yana gaisuwa kamar yadda ya saba. Sannan ya ce, "Yaya, wai me kika ba ragon Inna ya yi wayo haka? In ba wannan."

Na dube shi. Na ce yau kam ba zan haɗiye ba. Na gaya masa duka, a hankali yadda zai gane: asibitin Ikara, kwalba uku, maƙwabciya mai ɗibar wuta, da bakinsa da ya buɗe na juya na bar shi. Na ce masa naka ne, kai aka ba, ni na ɗauka na ba rago. So nake ya yi fushi. So nake ya zage ni, ko ya tashi ya fita ya daina gaishe ni, in sami wanda zai taya ni jin haushin nan ko na yini ɗaya.

Ya daɗe yana shafa kunnen ɗan ragon, yana juya maganar a kansa. Can ya ɗago ya ce, "To ai gara da kika ba shi, Yaya. Shi ba shi da uwa. Ni ina da ke."

Sannan ya tambaye ni ko har yanzu ana samun man a Ikara. Na ce ana samu a kowane kantin magani. Ya ɗauki ɗan ragonsa ya tafi nema.